Haɗa Kwamfutar Aikin 3D da Kuɗi Kaɗan a Riyad

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Daga Riyad nake magana, kuma kayan kwamfutar da zan lissafa muku na mai son zanen 3D ne, gidaje ko kayan ɗaki ko katun, wanda aljihunsa bai kai na kamfani ba.

Kafin ka taka zuwa kasuwar kayan kwamfuta da ake kira Harajin Kwamfuta, a unguwar Ulayya, ka san manhajar da za ta fitar maka da hoton ƙarshe, don ita ke raba kuɗin. In Blender ce, injinta na fitar da hoto, Cycles, a kan katin hoto (GPU) ya fi gudu. Lumion da Twinmotion da D5 ma katin suke hawa. Corona kuwa, wadda masu tsara cikin gida ke ji da ita, ba ruwanta da kati, firosesa take ci, saboda haka mai Corona sai ya juya lissafin nan. Sauranmu, kusan rabin riyal ɗin a kati zai tafi, kuma ban ga asara a ciki ba.

Katin da na zaɓa shi ne RTX 3060 na kamfanin NVIDIA, mai ma'ajiyar giga 12, fitowar 2021. Mai shago zai turo maka RTX 4060 na 2023, ya ce ya fi sauri, kuma wat 115 yake sha maimakon 170. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ma'ajiyarsa giga 8 ce. Lokacin fitar da hoto, duk abin da ka gina sai an loda shi cikin ma'ajiyar katin, har da hotunan da ka lulluɓe bango da katako da su. Hoto ɗaya na 4K mai launi, in an buɗe shi, yana cin kusan mega 64, na 8K kuma ninki huɗu. To kafet da labule da kujera da tayil, kowanne da hotuna uku ko huɗu, ga bishiyoyin tsakar gida, ga Windows ita ma ta yanki nata kason. Kati mara sauri jira kawai zai sa ka yi, ka sha shayi ka dawo. Wanda ya cika kuwa, ko dai aikin ya tsaya cak, ko ya koma jan ƙafa yana aron RAM. Shi ya sa ga mai zanen gine-gine na fi son giga 12 ɗin.

A kula, akwai 3060 mai giga 8, sunan ɗaya, kwalin ma kusan ɗaya. Na laftof kuma giga 6 ne kacal. Karanta lambar da idonka.

Me ya sa NVIDIA? Saboda OptiX, fasaharsu da ke hanzarta fitar da hoto a katunan RTX. Katin AMD yana aiki a Blender ta hanyar tasa fasahar, HIP, amma a farashi ɗaya yawanci RTX ke riga shi gamawa. Kuma sayen katin bai isa ba, sai ka buɗe Blender ka shiga Preferences, sashen System, ka zaɓi OptiX, sannan a saitin fitar da hoto ka mayar da Device zuwa GPU Compute. In ba haka ba firosesa ce za ta yi ta gumi, katin na zaune.

Na hannu fa? Akwai su birjik a manhajar Haraj, amma da yawa sun yi haƙar kuɗin kirifto na Ethereum dare da rana har zuwa Satumban 2022. Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z ka tabbatar da suna da girman ma'ajiya, sannan a saki FurMark, manhajar da ke matsa wa kati don gwaji, kamar minti ashirin. Ka ga ɗigo-ɗigo a allo, ko fanka na ƙara kamar injin markaɗe, ko zafi ya haura digiri 80 sosai yana ta hawa, ka ce Allah ya ba da kasuwa.

Sauran kayan ba su da dogon zance. Firosesa Ryzen 5 5600, ƙwaya shida, da fankarta a kwali, a kan madabod B550. Ba ta da hoto na kanta, don haka wayar allo a bayan katin za ka soka, ba a madabod ba. RAM giga 32, sanda biyu na 16, a rami na biyu da na huɗu daga firosesa, sannan ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken saurinta, a BIOS, wato shafin saitin madabod (na Asus na kiransa DOCP), in ba haka ba saurinta zai tsaya a 2133 ko 2400 alhali na 3200 ka biya. SSD irin NVMe na tera ɗaya. Fitilun ado ka bar wa masu wasan gem.

Akwatin wuta shi ne inda ba a rowa: wat 650 mai shaidar 80 Plus Bronze, na kamfanin da aka sani. Mara suna in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Wutar Saudiyya bolt 230 ce, amma tsofaffin gidaje har yanzu ana samun soket na 127, ka tambayi mai gida, ka kuma duba abin da aka rubuta a jikin akwatin.

Sai zafi da ƙura, kun san garin nan. Ɗauki kes mai raga a gaba, fanka biyu na shigo da iska, ɗaya na fitarwa a baya. Kada ka ajiye shi a kan kafet, kuma in za ka bar shi yana aiki cikin dare, bar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne. Bayan kowace guguwar ƙura a cire ragar a kakkaɓe.

Wajen ciniki, tambayi ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15, kuma ka karɓi fatura, wato rasit, mai ɗauke da lambar kowane kaya, don da ita za ka nemi garanti. Mai niyyar kai kwamfutar gida Najeriya ko Nijar, ya cire katin ya mayar da shi kwalinsa kafin ya miƙa wa masu kago, domin nauyinsa na iya tsage ramin madabod a hanya.