Amsoshin Tambayoyinku: Gidan Yari da Gandirobobi a Zamanin Turawa

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ƙanƙani ne. Malaminmu na tarihi yana nan tare da ni.

Wani ɗalibi daga Gusau yana tambaya, wane kurkuku Turawa suka fara ginawa a Najeriya? Na titin Broad ne a Legas, a 1872, an yi shi don mutum 300. Ɗalibi, wannan fa tana cikin littafinka, a riƙa buɗawa.

Wata baiwar Allah daga Azare ta ce daga ina kalmar gandiroba ta fito? Aro ce daga Turanci, ma'anarta mai kora ayarin 'yan aiki. Hajiya, riƙe amsar nan, za mu dawo kanta.

To ga wadda ta fi yawa a wasiƙun, daga Kano, Katsina da Bida, har da wani da ya ce kakansa gandiroba ne. Shin akwai dokar da ke tsawata wa ma'aikatan gidan yari a zamanin Turawa, ko abin da suka ga dama suke yi? Malam, bismillah.

Malam: To, ai tun kafin Bature ya zo muna da kurkuku. Sunan ma ya nuna, gidan Yari, shi Yari sarauta ce ta mai tsaron ɗaurarru. Da aka ci Kano a 1903, Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, da kansa ya rubuta yadda ya tarar da kurkukun birnin, matsattse, ba iska, ga mutane a cunkushe...

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, doka suke tambaya.

Malam: Nan na nufa. An yi Dokar Gidajen Kurkuku a 1916, ƙa'idojinta suka biyo baya a 1917. Ita ta ba Gwamna ikon buɗe kurkuku da naɗa darakta da tsara abinci da aikin fursuna. Sai dai gidajen iri biyu ne. Akwai na gwamnati, kamar na Kaduna da Jos da Lokoja. Akwai kuma na En'e, wato hukumar gargajiya, su ne mafi yawa a Arewa, suna hannun Sarki, albashi daga baitulmali, jami'an Turawa, Razdan ko Di'o, da likita su riƙa leƙawa.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Doka akwai ta, 1916 da 1917, gidaje kuma iri biyu, na gwamnati da na En'e. To gandiroba in ya yi laifi fa?

Malam: A ci shi tara daga albashinsa, ko a rage masa igiya, ko a kore shi. Barci a bakin aiki laifi ne, haka maye, haka karɓar abu a hannun fursuna ko danginsa. Babban laifi kuwa shi ne fursuna ya tsere a hannunka. Ita ma bulala ba a yarda gandiroba ya yanke ta da kansa ba, sai da izini daga sama, a kuma rubuta a littafi.

Mai gabatarwa: Jikan gandiroba, ka ji. Ni dai ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. An fita da mutane gyaran hanya, yankan ciyawa, ɗebo ruwa, kwashe bahaya, wani ma da mari a ƙafa. In ɗaya ya gudu, kafin magariba labari ya kai ofis, domin ƙirge zai nuna. In kuwa an zane shi a bayan gari, ko an rage masa hatsinsa, wa zai kai ƙara? Hajiya ta Azare, kin ga inda sunan ya dace: kora ayarin 'yan aiki aka ɗauki gandiroba yi. Ga albashi kaɗan, ga rashin horo, domin makarantar koyar da gandirobobi sai a 1947 aka buɗe ta a Inugu, zamanin darakta Dolan, shekara 75 bayan kurkukun Legas. Ina jin tausayin ɗaurarren, ina kuma jin na mai tsaronsa.

Ta ƙarshe, daga Birnin Kebbi: yaushe aka soke kurkukun En'e? Sai bayan 'yancin kai, a 1968, gwamnatin tarayya ta karɓe su duka. Mai Birnin Kebbi, wani karon a rubuta da biro, fensirin nan ya sha wahalar hanya.