Ka sayi taka tirelar ko ka ci gaba da ja wa kamfani?

Habu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ni da Alhaji za mu taɓo maganar da ba ta ƙarewa tsakanin 'yan'uwanmu masu jan tirela a nan Amurka: mutum ya sayi tasa, ko ya zauna a kamfani. Alhaji, ni dai raina ya fara karkata ga saye. Kamfani na biyana a kan kowane mil, amma idan na ga abin da aka biya a kan lodin da na kai, sai in ji kamar wahalar banza nake.

Alhaji: Habu, wannan kuɗin da ka gani a takarda ba na mai mota ba ne. Kafin ya taɓa aljihunsa, gas ya ci nasa. Tirela da kaya galan ɗaya ba ya kai ta fiye da mil shida zuwa bakwai. Sai inshora: doka ta ce mafi ƙaranci ita ce wadda za ta iya biyan diyyar dala 750,000, dillalai kuma yawanci sai ta miliyan ɗaya suke ba ka lodi. Ga harajin babbar mota, dala 550 duk shekara, ga taya, ga makaniki.

Habu: Amma ai a 2021 mutane sun samu sosai.

Alhaji: Sun samu, wallahi. Lokacin korona kaya sun yi yawa, motoci sun yi kaɗan, kowa ya ruga ya sayi tsohuwar mota da tsadar gaske. A watan Yunin 2022 galan ɗin gas ya haura dala biyar, kuɗin lodi kuma ya faɗi. Bashin motar bai faɗi ba. Nan ne abin yake min ciwo, don na ga magidanta da suka zuba duk abin da suka tara, ga iyali a gida suna jiran aike, mota kuma na tsaye a gareji.

Habu: To kamfanin ma ai ba tabbas. Kamfanin jigilar kaya na Yellow ya rufe a 2023, ma'aikata wajen 30,000 suka rasa aiki.

Alhaji: Gaskiyarka. Sai dai direban Yellow ya fita da lasisinsa, ba wanda ke bin sa bashin mota. Kuma ka lura, awa 11 da doka ta yarda ka yi tuƙi a rana, ita ce dai ko motar taka ce. Ba za ka ƙara awa don ka cike giɓi ba, na'urar da ke cikin mota tana rubuta awannin tuƙinka.

Habu: Kenan kada mu saya?

Alhaji: Ban ce haka ba, ni ma ai tawa nake ja, kuma ina jin daɗin in ajiye mota ranar Juma'a ba tare da neman izinin kowa ba. Abin da nake so ka sani kafin ka sa hannu shi ne nawa kowane mil zai ci maka, har da wanda za ka yi ba kaya. Dillali sai ya yi wata guda bai biya ba, wasu ma ba sa yarda da sabon shiga sai ya yi watanni. Da me za ka sha gas kafin nan? Ga kuma maganar ruwan bashin banki, wadda da yawanmu ba za su iya ɗauka ba.

Habu: Shi ya sa nake duba tsarin nan da kamfani ke ba ka mota, yana cirewa duk mako har ta zama taka.

Alhaji: Wannan na fi jin tsoronsa. Shi ne mai motar, shi ne mai ba ka lodi. Ranar da ya rage maka aiki ka kasa biya, ya karɓe motar, abin da ka zuba ya tafi. In sun ba ka takardar, kawo min mu karanta ta tare, layi bayan layi.

Habu: Tana cikin mota ma. Bari mu gama in ɗauko.