Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Lacca Kan Binciken Mutum ta Shafukan Sada Zumunta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana kan manhajojin da ake sayarwa don a binciki mutum ta shafukansa na sada zumunta kafin a ɗauke shi aiki ko a damƙa masa amana. Na ga a cikinku akwai masu makarantu, da jami'an ɗaukar ma'aikata, da 'yan kasuwa masu neman yaron shago. Abu biyar na rubuto a takardar nan.

Na farko, yadda abin yake aiki, don ba tsafi ba ne. Kamfanonin da ke wannan sana'a, irin su Fama a Amurka, suna karɓar sunan mutum, imel ɗinsa, lambar waya, garin da yake zaune, makarantar da ya yi, wani lokaci da hoto. Da waɗannan manhajar take fita neman shafuka a Facebook, Instagram, X, TikTok da LinkedIn, ta yi hasashen waɗanne ne nasa. Sai ta kwaso abin da ya bari a buɗe ga kowa: rubutu, hotuna, sharhi, har abin da ya danna wa alamar so. Sai ta tace, ta ware abin da ya yi kama da barazana, cin zarafi, kalaman ƙiyayya, batsa, ƙwaya ko makami. A Amurka rahoton yakan koma baya shekara 7. Kamfanin kirki yana da mataki na ƙarshe, wato mutum mai rai ya zauna ya karanta abin da na'ura ta ware kafin a turo maka. Mai arha yana tsallake wannan, don nan kuɗin yake tafiya.

Hirar WhatsApp, saƙon sirri, rufaffen zaure, duk ba ta ganin su. Wanda ya ce ka biya ya kawo maka hirar WhatsApp ɗin wani, ko ɗan damfara ne ko ɗan kutse, kutse kuwa laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015. Tun bayan badaƙalar Cambridge Analytica a 2018, kamfanin da ya kwashi bayanan miliyoyin masu Facebook ba da izininsu ba, Facebook ya ƙara toshe ƙofofin kwasar bayanai, X ma ya rufe ta kyauta a 2023. Saboda haka rahoton da ya dawo fari fat bai ce mutumin kirki ba ne. Wataƙila ya kulle shafinsa ne kawai.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Shin shafin ma nasa ne?

Ku ɗaga hannu, duk wanda ya san wani Muhammad Sani. (Dariya.) Kun gani? Kusan kowa. Malam na gaba ya ɗaga biyu. To manhajar nan an gina ta ne a ƙasar da kowa ke da sunan dangi wanda ba ya canzawa daga kaka zuwa jika. Mu ba haka muke ba. Sunanka da na mahaifinka, wani ya ƙara sunan gari: Gwarzo, Ɗanbatta, Funtuwa. Mutum ɗaya, a takardar sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a Facebook Moh'd, a gida kuma Abba. Ka tsallaka Maraɗi, ya koma Mahamadou. Yusuf ya zama Issoufou, Usman ya zama Ousmane. Mata kuwa? Shafi sunansa Maman Hanif, hoton fure ne a kai. Ta yaya na'ura za ta ce wannan Maman Hanif ce ta nemi aikin koyarwa a makarantarka, ba ɗaya daga cikin sauran ba?

Wani zai ce ai akwai lambar waya. Lambar waya ma sai an lura. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa yana karɓewa ya sayar wa wani, tsohon shafin yana nan maƙale da lambar. Ga kuma yaron nan mai cajin waya a bakin tasha, wanda ya buɗe wa rabin unguwa Facebook da layinsa ɗaya, kowa ya biya shi abin da ya sawwaƙa. Ga wayar gida, miji da mata da ƙanin miji duk suna latsawa. Ga shafin bogi da maƙiyi ya buɗe da hotonka da sunanka yana zagin malamai a ciki.

Kada ku ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. Akwai kamfanin tattara bayanan mutane a Amurka, Spokeo. A 2012 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar, FTC, ta ci shi tarar dala 800,000 kan sayar wa masu ɗaukar aiki bayanan mutane ba tare da bin doka ba. Wani mutum, Thomas Robins, ya kai su ƙara, maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 2016. Ya ce bayanan da suka ajiye a kansa sun nuna yana da mata da 'ya'ya, ya haura shekara 50, yana da aiki, yana da hali, yana da babban digiri, alhali ba ɗaya da ke gaskiya. Manhaja ta yi masa aure, ta haifa masa yara, ta ba shi digiri, shi kuwa yana yawon neman aiki! (Dariya.) Kuna dariya, amma mai ɗaukar aiki da ya ga haka cewa zai yi wannan ya fi ƙarfin albashinmu, ya ture takardarsa gefe.

Mu yi lissafi. Misali ne kawai, ba alƙaluman wani kamfani ba. A ce manhaja tana kuskuren mutum sau 5 cikin 100. Mai talla zai ce maka daidai take sau 95, ka ji daɗi. Ka saka mata masu neman aiki 400. Mutum 20 ke nan aka ɗora wa kayan wani, kuma ba ɗayansu da zai taɓa sanin dalilin da ba a kira shi ba. Shiru kawai zai ji.

Shawarata, suna kada ku ƙirga shi cikin hujja ko kaɗan. Ku nemi abu uku da suka dace bayan suna: imel ko lambar da shi da kansa ya rubuta a fom, fuska da ta fito sarai a hotuna da dama, ba ɗaya ba, da makaranta ko wurin aiki tare da shekarun da suka yi daidai da takardunsa. In biyu kawai suka dace, ka rubuta ba a tabbatar ba, ka ajiye. Mafi sauƙi ma, ka tambaye shi. Wannan shafin naka ne? Kama da wane ba wane ba ne, jama'a. Kama da wane ba wane ba ne.

Na uku. A'a, wannan ma cikin na biyun yake, amma mu kira shi na uku. An tabbatar shafin nasa ne. Shin an fahimci abin da ya rubuta?

A watan Oktoban 2017 wani lebura Bafalasɗine ya saka hotonsa jingine da motar ture ƙasa a wurin aiki, ya rubuta gaisuwar safiya da Larabci. Fassarar Facebook ta juya ta zuwa Ibrananci da ma'anar a kai musu hari. 'Yan sandan Isra'ila suka kama shi, ba wanda ya iya Larabci da ya karanta rubutun kafin kamun. Bayan sa'o'i aka sake shi, Facebook ya ba da haƙuri. Larabci fa, mai ɗimbin littattafai a intanet. Ina ga Hausar da muke rubutawa a waya, ba ƙugiya, rabi Turanci, rabi taƙaice?

Bakano ya shiga shafin Bazazzagi ya wanke shi tas, Bafulatani ya ce Babarbare bawansa ne. Mu mun san wasa ne da ya girmi kakanninmu. Na'ura za ta rubuta kalaman ƙiyayyar ƙabilanci. Madrid ta ci Barcelona, yaro ya rubuta yau mun yanka su. Barazanar kisa. Wani ya ɗauko mugun rubutu ya yaɗa don ya yi tir da shi, a ƙasa ya sa Allah wadai, na'ura ta ɗauki na saman ta bar na ƙasan. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi ban tsoro: habaicin da ya fi zagi zafi, ko kiran tashin hankali da aka lulluɓe da karin magana, ya wuce ta gabanta sumul. Don haka kafin ka biya, ka tambayi kamfanin: wa zai karanta Hausar? In sun ce fassarar na'ura, ka riƙe kuɗinka.

Lokaci ya ja, shugaba yana nuna min agogo. Bari in yi sauri.

Doka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin mutum, sashe na 42 ya hana wariya. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ware addini, ƙabila, lafiya da ra'ayin siyasa a matsayin bayanai masu tsauri, ta kuma ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke hukunci a kansa. Tara ga manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Nijar na da hukumarta, HAPDP. Ghana na da dokarta tun 2012.

Abin da ke jawo matsala shi ne, da ka buɗe shafin mutum ka riga ka ga aƙidarsa, Izala ce ko Ɗariƙa, ka ga jam'iyyarsa, ka ga tana da juna biyu ko yana da sikila. Ido ya gani, ba ya mayarwa. Saboda haka mai dubawa daban, mai yanke hukunci daban, kuma abin da ya shafi aikin kawai za a miƙa. A yi binciken bayan ganawa, ga 'yan kaɗan da suka rage, kowa iri ɗaya. A karɓi izini a rubuce, a takarda mai zaman kanta. Kada a nemi kalmar sirrin kowa, jihar Maryland da ke Amurka ta haramta hakan tun 2012. In an ga abu, a ba shi kwafi, a ba shi kamar kwana 5 na aiki ya yi bayani. A sa ranar gogewa, a goge.

Na huɗu ke nan ko na biyar? Ko ma na nawa ne, ku sani ku ma ana duba ku. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka yana neman sunayen shafukan da ka yi amfani da su cikin shekara 5, a 2025 kuma aka umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu. Ku gaya wa yaranku.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

(Wata baiwar Allah ta tambaya ko za a iya amfani da irin wannan wajen binciken mai neman auren 'yarta, ko mai reno.)

Hajiya, kin kawo maganar da ta fi duk abin da na rubuto. Na mai reno an gwada. A 2018 wani kamfani a Amurka, Predictim, yana ba masu renon yara maki daga 1 zuwa 5 kan ƙwaya, cin zali da rashin ladabi, daga rubutunsu kawai. Facebook da Twitter, wato X na yanzu, suka toshe shi a shekarar. Yarinyar da za a kawo miki daga ƙauye wataƙila ko waya ba ta da ita. Wanda ya kawo ta, da gidan da ta baro, su za ki tambaya.

Na aure kuwa, dubawa babu laifi, abin da ya bari a buɗe ki duba. Amma ranki ya daɗe, abin da ke rushe baiko yanzu hoton allo ne, sikirinshot ɗin nan da ake turowa uwar yarinya da tsakar dare daga lambar da ba a sani ba. Yaro ɗan sakandare zai ƙirƙiri irinsa cikin minti biyu, da suna da hoto da kwanan wata. Kada ki karɓi hoto. Ki ce a turo miki adireshin rubutun, ki buɗe da wayarki. Ki duba yaushe shafin ya fara rubutu: in watan jiya ne, bayan an sa rana, kin san aikin wa ne. Ki duba abokan shafin, akwai 'yan'uwansa da abokan aikinsa na gaske a ciki, suna yi masa magana? Ki duba shekarar rubutun, don abin da ya faɗa yana ɗan 17 daban da na bara. Sannan kada a sa ƙanin yarinya ya buɗe shafi da hoton budurwa don a gwada shi. Ranar da ya gano, ko an ɗaura auren, zumuncin ya riga ya samu tabo.

In abin ya tabbata nasa ne, waliyyai su kira shi su ajiye wayar a gabansa, ya faɗi nasa. Sauran binciken, masallacin unguwarsu, maƙwabta, wanda ya taɓa bin sa bashi, wannan kawunnan yarinya ne za su taka da ƙafa.

Malam na can baya, na ga hannunka, amma an karɓe min abin magana. Mu haɗu a waje.