Ina Za a Ajiye Yarinyar da Ke Jiran Shari'a?

Idan alƙali ya hana yarinya 'yar shekara goma sha biyar beli, bai ce ta aikata laifi ba. Tuhumarta ake yi, kuma mai yiwuwa ne kotu ta wanke ta a ƙarshe. Sai dai kafin ranar hukunci dole a sama mata wurin kwana, kuma a ƙasashe da dama wurin shi ne gidan yarin manyan mata.

Dalilin haka yana da ban takaici. 'Yan matan da ake tsarewa ba su kai yawan samari ba ko kusa, saboda haka hukumomi kan ga kamar asara ce a gina musu wuri na kansu, sai a cusa su duk inda aka samu gado. A can yarinya za ta bar karatu, ta zauna cikin waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba, a hannun gandirobobin da aka horar domin tsare manya. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara sun riga sun sha duka ko cin zarafi tun kafin a kama su, don haka binciken jiki da kulle su kaɗai a ɗaki yakan fama musu tsohon ciwo, har wasu su kai ga raunata kansu.

Dokar duniya ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya ce kada a tsare yaro sai an rasa wata mafita, kuma na ɗan gajeren lokaci, sannan a raba shi da manya. Ƙa'idojin Bangkok na 2010, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara kan kula da matan da ke tsare, sun ƙara da cewa a yi la'akari da raunin da ya keɓanci 'ya'ya mata.

Madadin gidan yari shi ne gidan kula da yara mai tsaro, wanda shi ma a kulle yake, yarinyar ba za ta fita yadda ta ga dama ba. Amma yaran da ke ciki kaɗan ne, ma'aikata suna da yawa, akwai aji da malamai, akwai ma'aikatan jinya da likitan ƙwaƙwalwa, kuma iyaye da lauya suna samun ganinta cikin sauƙi. Tun 2024 Sikotland ta daina kai duk wanda bai cika shekara 18 ba gidan yari, sannan a watan Maris na 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da daina ajiye 'yan mata a gidajen yarin matasa na Ingila da Wales.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarancin gurabe, domin gudanar da irin waɗannan gidaje yana da tsada ƙwarai. Idan suka cika, akan tura yarinya wani gari mai nisa da danginta, shi ya sa ya wajaba alƙali ya fara duba yiwuwar ba da belinta ƙarƙashin kulawar jami'in jin daɗin jama'a, ko danƙa ta ga amintaccen mariƙi, a bar guraben ga waɗanda sakinsu yake da haɗari na haƙiƙa.