Kunamar da ba ta harbi: laccar MySQL a Garwa

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya ku matso, fankar nan ta fi ni murya. Abu huɗu zan faɗa kan umarnin da ake ajiyewa cikin rumbun bayanai na MySQL, da kuma tiriga. Ni kunama nake ce mata, irin ta bindiga: a taɓa tebur, wato jerin layukan bayanai, ta tashi da kanta.

Na farko gajere ne. Ajiyayyen umarni ba ya kiran kansa, don max_sp_recursion_depth, saitin da ke ƙayyade zurfin kiran kai, a kan 0 yake zuwa. In ka ɗaga shi, 255 ce iyaka. Mu wuce.

Na biyu, to, nan hankalina yake. Kunamar nan ba kullum take harbi ba. A ce ɗan kasuwa yana da tebur na masu saye, da tebur na bashi, an ɗaure su da ON DELETE CASCADE, wato in an goge mai saye, bashinsa ma ya goge. Ka kafa kunama a teburin bashi, ta riƙa rubuta duk layin da aka goge. Sai yaron shago ya goge sunan mai saye. Bashin ya bi shi, sefa dubu ɗari uku, kunama tana barci. Babu kuskure, babu gargaɗi. Ku ji da kyau, babu gargaɗi! A MySQL, gogewar da CASCADE ya jawo ba ta tayar da tiriga. PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, tana tayarwa, shi ya sa wanda ya saba da can yake faɗawa rami a nan. TRUNCATE ma haka, ya share tebur kaf, kunamar DELETE ko motsi. Magani: ka mayar da ɗaurin RESTRICT, mai hana goge wanda ake bi bashi, ko ka kafa kunamar BEFORE DELETE, mai tashi kafin a goge, a teburin masu saye, ta kwafe bashin tukuna. Alhaji na ga kana dariya, kai ake bi ke nan?

Na nawa muke? To, kunama ba ta gyara teburin da take zaune a kai, kuskure 1442 za ka gani. Yi amfani da BEFORE, ka canza NEW, wato sabon layin da ake shirin rubutawa. COMMIT kuma, umarnin tabbatar da canji, haramun ne a cikinta.

Na'am, Malama?

Tana cewa sun kwashe rumbu zuwa sabuwar na'ura, sai kuskure 1449. Yawwa. Kowace kunama da sunan wanda ya kafa ta take aiki, wato DEFINER, kuma asusun nan bai biyo kaya ba. Ki buga SHOW TRIGGERS, ki duba sunan. Ko ki buɗe asusun da wannan suna daidai, har abin da ke bayan @, ko ki goge kunamar ki sake kafa ta da asusun da yake raye. Ki kwafe rubutunta dai kafin ki goge.