Kayan Ƙamshi a Abincin Jariri: Me Za a Sa, Me Za a Bari?

Assalamu alaikum. Iyayena mata, ƙannena, da iyaye maza da na hango can baya, sannunku da zuwa.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce: idan yaro ya fara cin abinci, dole ne a ba shi lami, ba ƙamshi ba ɗanɗano? Amsata a'a. Amma sai mun raba abu biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya: ƙamshi daban, gishiri daban.

Mu fara da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, daga nan a fara ƙara abinci ana ci gaba da shayarwa. Kafin wata 6 ba maganar kayan ƙamshi, ba jiƙo, ba shayin ganye. Duk abin da zan faɗa daga wata 6 ne zuwa sama.

To, ku sani yaron nan ba baƙon ƙamshi ba ne. Tun yana ciki yake haɗiyar ruwan da yake kwance a cikinsa, kuma abin da uwa ta ci yana ratsa ruwan nan. Bayan haihuwa kuma yana ratsa nono. Wata mai bincike, Julie Mennella, a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka, ita da abokin aikinta Gary Beauchamp sun nuna a 1991 cewa idan uwa ta ci tafarnuwa, ƙamshin nononta yana canzawa, jariran kuma sai suka fi daɗewa a kan nono. A 2001 suka sake gwaji da ruwan karas: jariran da iyayensu suka sha shi lokacin goyon ciki ko shayarwa ba su cika yamutsa fuska ba da aka ba su abinci mai karas. Kun ga ke nan, yaron da ya yi wata da watanni yana jin ƙamshin girkin uwarsa, ranar da aka miƙo masa abinci salam, shi ne baƙon abu a bakinsa.

Yaya za a yi? Ki dafa karas ko kabewa ko dankali ya yi laushi, ki dame shi. Ki ɗauki garin kirfa ko kurkur ko citta da kan yatsu biyu, ɗan abin da zai manne kawai, ki zuba tun yana kan wuta don zafin ya kwantar da kaifinsa. Albasa da tafarnuwa a dafa su tare da abincin har su narke. Ganyen na'a-na'a a yanka shi ƙanana sosai. Abu ɗaya za ki sa, ki bar kwana biyu ko uku kafin ki kawo wani, don idan ƙuraje suka fito ko ciki ya ɓaci ki san mai laifi. Idan kuwa leɓe ya kumbura ko numfashi ya canza, asibiti nan take. Riɗi yana cikin abubuwan da jikin wasu yara ba ya karɓa, a lura da shi.

Zai tofar, zai kau da kai, zai ɓata fuska kamar an cuce shi. Wannan ba ƙi ba ne. Yaro yakan buƙaci a kawo masa abu sau 8 ko 10 kafin ya saba. Kada a ɗura masa. A ɗauke, a sake kawowa jibi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Gishiri. Ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, kuma ɗan ƙasa da shekara ɗaya bai kamata ya kai giram 1 na gishiri a yini ba. Nono da abincin kansa sun riga sun ba shi abin da yake buƙata. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a tukunya, yawancinsa gishiri ne. Haka ma garin haɗe-haɗe na leda. Ki ɗibi na yaro kafin ki sa wa na manya. Sukari ma a bari. Zuma kuwa, ko ɗigo ɗaya kada ta shiga bakinsa sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da ke kawo cutar botulizim, mai sanyaya jikin jariri har ya kasa tsotso. Dafa ta ba ya kashe ƙwayar.

Barkono mai zafi a jinkirta shi. Abin da yake yi a harshe raɗaɗi ne, kuma jariri ba shi da bakin cewa ya isa. Kanumfari guda-guda, sandar kirfa, duk wani abu mai tauri, a tsame kafin a dama, don kada ya shaƙe. Man ƙamshi da ake tatsa a zuba a ƙananan kwalabe ba na cin jariri ba ne sam.

Saura batun da ya fi tayar mini da hankali: gubar dalma. A 2023 an janye wasu fakitocin damammen tuffa mai kirfa a Amurka, bayan an samu dalma a jinin yara da suka sha, aka bi diddigi aka gano daga kirfar take. A Bangaladash ma wani bincike a 2019 ya nuna an riƙa zuba wa kurkur sinadari mai dalma don launinsa ya ƙara haske. Dalma ba ta da ɗanɗano, kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Shi ya sa na fi son ki sayi saiwar citta ko kurkur da kike gani da idonki, ki wanke, ki goga ko ki daka da kanki. Idan gari za ki saya, ki san inda ya fito.

Wata baiwar Allah ta aiko da takarda tana tambaya ko kurkur da citta za su hana yaro mura. Ɗiyata, ƙamshi muke nema da su. Ɗan abin da kika ɗiba da yatsa ba zai yi aikin magani ba, kada kuma ki ƙara yawa don neman hakan. Idan yaro yana zazzaɓi ko ya daina karɓar nono, a kai shi wurin likita.