Agajin da Ke Zuwa Bayan Ruwa Ya Ci Gari

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A daminar 2022 ambaliya ta shafi mutane miliyan 33 a Pakistan, ta kashe fiye da 1,700. A watan Janairun 2023 manyan ƙasashe da bankunan duniya suka taru a Geneva, suka yi alkawarin sama da dala biliyan 9. Kowa ya yaba. Da aka kwance ƙullin, sai ga shi mafi yawan kuɗin rance ne. Ƙasar da hayaƙinta mai ɗumama duniya bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba, ita aka ce ta ci bashi ta gyara ɓarnar da wasu suka jawo, ta kuma biya da kuɗin ruwa. Ruwa ya ci gida, ruwa ya hau bashi.

Irin wannan ne ya sa masu fafutuka suka shafe kusan shekara 30 suna neman asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta. An amince da shi a taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar a 2022, aka buɗe shi a Dubai a 2023 da alkawarin kusan dala miliyan 700. Ku auna da kanku: asarar Pakistan kaɗai ta kai kimanin dala biliyan 30.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da agajin ke isowa. Yawanci ihu ne bayan hari. Sai dabbobi sun mutu, an cinye irin shuka, yara sun rame, sannan a ga motocin abinci.

Alhali an gwada wata hanya. A Yulin 2020 masu hasashen yanayi suka nuna kogin Jamuna zai cika ya batse a Bangladesh. Asusun agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2 kafin ruwan ya kai ƙololuwa, Hukumar Abinci ta Duniya ta tura wa magidanta kuɗi ta wayar salula. Mutane suka sayi abinci, suka kwashe awaki da kaji zuwa tudu.

Don haka duk ƙungiyar da za ta je taron yanayi na gaba da sunan talakawan da abin ya shafa, ta riƙe tambaya biyu ga mai alkawari: kyauta ce ko rance, kuma wace rana kuɗin zai shiga hannun manomi?